Muryar Gwaggo a Rumbun Jami'a

Aikina a ɗakin karatun jami'a, wanda kowa a nan ke ce wa bibliyotek, ba jera littattafai ba ne. Ina wani ɗan ofis a ƙasan bene, inda ake ajiye kayan da masu bincike suka tattaro kafin su zauna rubutu: hirarrakin da suka ɗauka a rikoda, hotuna, amsoshin tambayoyi da alƙaluma. Mukan karɓa mu tsara, mu rubuta bayanin kowane abu, mu zuba a rumbun kwamfuta, sannan a yanke wanda zai iya gani. Akwai abin da ake buɗe wa duniya, akwai wanda sai mutum ya nemi izini, akwai kuma wanda ake kullewa gaba ɗaya. A unguwarmu Briqueterie, cikin Yaoundé, na gaji da yi wa mutane wannan dogon bayani. In aka tambaye ni sai in ce gadin littattafai nake yi, kowa ya huta.

Shugabar sashenmu 'yar kudu ce, ta ɗan girme ni, kuma ita ta koya mini aikin tun ina tsoron taɓa kwamfuta. Mun daɗe muna cin wake da fanke a faranti ɗaya a bayan ofis. Duk Sallar layya sai ta zo gidanmu da 'ya'yanta, ta ɗaura ɗankwali a karkace, ta zauna kan tabarma tana cin soyayyen nama tana yabon yaji da hawaye a idonta. Ina ce mata "ma grande", wato yayata, tana ce mini "ma petite", wato ƙanwata. Na faɗi wannan ne don a san cewa wadda ta yi mini abin da zan ba da labari ba baƙuwata ba ce.

Ita ce ta shigo mini da wata malama mai bincike wata safiya. Malamar tana nazari a kan matan da Allah bai ba haihuwa ba, da yadda dangi da maƙwabta ke zama da su. Ta zagaya unguwanni da yawa, amma Briqueterie ta gagare ta. Mata su ba ta ruwa, su amsa gaisuwa, su yi mata murmushi, ta fito hannu rabbana. Shugabata ta dafa kafaɗata ta ce ga mabuɗin unguwar nan zaune a ofishinmu.

Wadda ake nema a gaskiya ba ni ba ce, Gwaggo ce, yayar mahaifina. Ungozoma ce tun kafin a haife ni, rabin 'yan unguwarmu a hannunta suka faɗo, ni ma haka. Gwaggo irin matan da ne da kunya ta hana su kama suna. Mijinta ya rayu ya mutu ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ɗanta na fari "wancan" ne har ya yi furfura. Sauran mutane kuwa da gidajensu da sana'arsu take kiransu: matar mai fawa ta kan gangara, mai ƙosan bakin masallaci, surukar mai gyaran agogo. Ba wanda ya taɓa rikicewa, don a unguwa irin tamu, inda katangar wani ita ce bangon ɗakin wani, wannan ya fi suna kai mutum ƙofar gida.

Kafin in amsa wa malamar, na rufe ƙofar ofis na zauna da shugabata. Na ce zan kai ta, amma da sharaɗi. Rubutun hirar, bayan na gyara shi na ɓatar da kamannin mutane, a iya ba wanda ya nemi izini. Muryar kuwa a kulle za ta zauna. Na yi mata bayani dalla-dalla cewa Gwaggo ba za ta ambaci suna ko ɗaya ba, amma duk wanda ya taɓa kwana a Briqueterie zai gane kowa, kuma muryarta kaɗai ta isa. Ta saurare ni har na gama, ta ɗora hannu a ƙirji ta ce, "Tant que je suis là, ma petite, ba mai taɓa shi." Muddin tana nan ke nan. Da wannan maganar na tafi gidan Gwaggo.

Ranar an wuni ana ruwa. Tasi ta sauke mu a bakin titi, muka gangara lungu muna tsallake jan taɓo, malamar riƙe da takalmanta a hannu. Gwaggo ta shimfiɗa mana tabarma, ta kalli ɗan rikodan da aka ajiye a gabanta, ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan abin," ta ce da ni, "wa da wa za su ji shi?"

"Ni da malama, Gwaggo. Daga nan sai a kulle a wurin aikinmu."

"Wa ke riƙe da makullin?"

"Ni da wannan ƙawar tawa da ke zuwa cin naman Sallah."

"Mai kuka da yaji?" Ta yi 'yar dariya. "To, tana da kirki. Kunna."

Ta yi magana mai tsawo, ina fassarawa zuwa Faransanci. Ta faɗi gorin da ake yi wa mace, da magungunan da ake ɗirka mata, da yadda wata kan ɓuya a ɗaki ranar sunan maƙwabciya. Can malamar ta tambaya ko ta taɓa ganin wadda aka share wa hawaye. Ruwa na dukan kwanon rufi. Sai Gwaggo ta ce akwai wata magana da ta daɗe tana son ta faɗa wa wanda ba zai gane kowa ba. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Ke kuma yau bakinki na aro ne, kunnenki ma na aro ne. In mun tashi ki mayar."

Ta ba da labarin wata mata, "ta gidan da ke kallon famfo, mai shuɗiyar ƙofa", wadda ta shekara da shekaru ba ko ɓatan wata. Ƙanwar matar a arewa tana da ciki, ga 'ya'ya rututu, ta ce in ta sauka lafiya ta ba yayarta abin da ta haifa halak malak. Matar ta fara ɗaura zani sama-sama, daga baya aka ce ta tafi gida haihuwa. Gwaggo ce ta bi jirgin ƙasa ta je ta taho da su, matar da jariri. Da suka iso, Gwaggo ta hura wuta a tsakar gida, ta dafa ruwa da ganye, ta yi wa matar da ba ta haihu ba wankan jego safe da yamma a idon kowa, ta dama mata kunun kanwa, ta gasa mata nama, har aka gama wanka. Mijin ya sani, ƙanwar ta sani, sai Gwaggo. Yaron ya girma, ya zama tela, "mai shago a hanyar Nkomkana", da matarsa da 'ya'yansa, kuma bai san komai ba.

Ina fassarawa ina gane kowa. Gidan da ke kallon famfo gidan Hajiya ne, aminiyar Gwaggo tun suna amare. Telan kuwa shi ya ɗinka mini kayan aurena. Ban taɓa jin ko ƙishin-ƙishin maganar ba sai ranar. Gwaggo ta ƙarasa da cewa a duk aikin da ta yi a duniya, wannan wankan na ƙarya ne take fatan Allah Ya karɓa mata.

Na yi aikina yadda ya kamata. Na rubuta hirar da hannuna, ban ba kowa ba. A fassarar na mai da famfo da shuɗiyar ƙofa "wata maƙwabciya", na cire sana'ar ɗan, na cire jirgin ƙasa. Muryar na sa ta a rukunin da ake kullewa, na rubuta dalili a bayaninta, na kai wa shugabata ta gani ta sa hannu. Malamar ta gama bincikenta ta koma ƙasar waje. Gwaggo da Hajiya suka ci gaba da zamansu na yamma a ƙofar gida suna tsinke zogale, ni kuma in wuce in gaishe su, in sunkuyar da kai.

Bayan wani lokaci na haihu, na ɗauki hutu na koma gidan Gwaggo wanka. Ina can, wata rana da hantsi, wata 'yar'uwarmu ta shigo barka daga unguwar Cité Verte. Ko zama ba ta gama yi ba ta zaro waya tana fara'a, ta ce ashe Gwaggo ta shiga Intanet ba a gaya musu ba. Ta danna. Muryar Gwaggo ta cika ɗakin, da ƙarar ruwan sama a bayanta, da tawa muryar tana bi da Faransanci.

Jaririyar na kan cinyata, ban san lokacin da na miƙa ta ga wadda ke kusa ba. Na karɓi wayar na duba tsawon abin. Hirar ce gaba ɗayanta, ba a yanke ko tari ba. Gwaggo tana bakin murhu a waje. Ta shigo da ludayi a hannu, ta tsaya ta ji kanta, ta dube ni. Ta koma ta sauke tukunya.

Daga baya na haɗa yadda abin ya bi. Wata ɗaliba 'yar unguwarmu tana neman misalin Hausar Yaoundé don aikin makaranta, ta shiga rumbun jami'a, ta tarar da muryar a buɗe. Ta gane Gwaggo nan take, murna ta kama ta, ta tura wa rukunin matan unguwa a waya ba tare da ta saurara zuwa ƙarshe ba. Ba na ganin laifinta, an ce mata abin na kowa ne. Daga wayoyin mata ya faɗa shagunan teloli, su kuwa ba abin da suke so irin dogon sauti da zai raka su ɗinki. A shagonsa, a gaban abokan aikinsa, ƙafarsa a kan keke, telan ya ji labarin gidan da ke kallon famfo.

Washegari na karya dokar jego na fita. Gwaggo ba ta hana ni ba, abin da ya ƙara tayar mini da hankali ke nan, don a da ko ƙofar zaure na leƙa sai ta yi faɗa. Na tari tasi zuwa jami'a, raina a ɓace, nono na zuba a rigata.

Na tarar da shugabata tana shan shayi. Ta taso da murna za ta rungume ni, tana tambayar jaririya. Na ce ta zauna.

"Wa ya buɗe muryar Gwaggo?"

Ta koma ta zauna. Ta ce masu ɗaukar nauyin binciken ne suka matsa, sun ce ba za su karɓi rahoton ƙarshe ba sai an buɗe duk abin da ba shi da haɗari. Malamar ta aiko saƙo daga waje cewa a yi abin da ya dace. Ga kuma baƙi da za su zo duba sabon rumbunmu, shugabanni na sama suna so a nuna musu muryoyi cikin harsunan ƙasa, ba takardu kawai ba.

"Amma ban yi da ka ba," ta ce. "Na bi ƙa'ida. Na sa wani ɗalibi ɗan arewa mai jin Hausa ya saurara daga farko har ƙarshe. Na ce ya rubuta duk suna, duk lambar waya, duk adireshi. Ya dawo da farar takarda. Il n'y a aucun nom, ma petite. Babu suna ko ɗaya."

"Na gaya miki ba za a samu suna ba. A kujerar nan na zauna na gaya miki."

"Kin gaya mini."

"Kin sa hannu a kan dalilin da na rubuta."

"Na sa."

"Kina da lambata. Gidan da nake wanka kin san shi, kin ci nama a cikinsa."

Ta juya kofinta a kan tebur. Ta ce ba ta so ta dame ni ina jego ba. Da na ƙi ɗauke ido daga kanta, sai ta faɗi gaskiyar: ta san in ta kira ni zan ce a'a, ita kuma ba ta da lokacin a'a a makon nan.

Wannan maganar ce ta fi ci mini rai, har yau. Da mantuwa ta yi, da na yi fushi na huce. Da ba ta fahimta ba, da na ce bambancin al'ada ne. Ta fahimta sarai, ta auna ni da Gwaggo a gefe guda, baƙinta da rahotonta a ɗaya gefen, ta zaɓa. Ɗalibin da ta sa kuwa hujja kawai take nema da shi. Bawan Allah ya koyi Hausarsa a kasuwa, bai taɓa shiga lungunmu ba, an ce ya nemo suna ya nema bai samu ba. Ta ci amanata, kuma ta ci ne da bakina, don ni na zauna gaban tsohuwa na ce makullin yana hannun mai kirki.

A gabana ta kulle muryar, dannawa ɗaya. Ta juyo da allon kwamfutar tana nuna mini cewa waɗanda suka sauke abin ba su da yawa, kamar wannan zai sanyaya mini zuciya. Na ce mata mutum ɗaya ya isa, sauran aikin wayoyi sun yi shi. Ta ce za ta rubuta wa Gwaggo takardar ban haƙuri da tambarin jami'a. Na ce Gwaggo ba ta karatun boko, kuma ba ita kaɗai aka yi wa ba. Ta ce to me nake so ta yi. Babu abin da za ta iya yi, na ɗauki jakata na fito.

Har yanzu ofis ɗaya muke. Na koma aiki da hutuna ya ƙare, don ina da 'ya'ya kuma ina son aikin. An ma fito da sabuwar ƙa'ida cewa ba a buɗe murya sai wanda ya san mutanen ya amince, kuma ita ce ke zuwa taro tana bayaninta, ana tafa mata. Muna gaisawa. Ina ce mata madam. Sallar da ta biyo baya ta aiko tambaya ko za su zo, na ce mun yi tafiya, alhali muna gida.

A unguwa ba wanda ya zo ya zage mu. Da ma an yi, da ya fi sauƙi. Telan ya rufe shago ya tafi gidan Hajiya, suka shige ɗaki, ba wanda ya san abin da suka ce. Bayan 'yan kwanaki ya hau jirgi zuwa arewa. Wadda ta haife shi ta riga ta rasu, sai kabari aka nuna masa da 'yan'uwansa da ya ɗauka 'ya'yan inna ne. Ya dawo ya buɗe shagonsa, yana zuwa gaida Hajiya kamar kullum, yana kai mata cefane. Mutane suka ce ai shi ke nan, abin ya zo da sauƙi. Amma Hajiya ta daina fitowa ƙofar gida da yamma, kuma masu ciki suka fara wuce gidanmu zuwa wurin wata ungozoma a unguwar Tsinga.

Gwaggo ta gama mini wanka tsaf, ba ta rage ko ganye ɗaya ba, ba ta kuma ɗaga maganar ba. Na ba ta haƙuri, na faɗa mata yadda aka yi da wadda ta yi. Ta ce ta ji. Ranar da zan koma ɗakina ta ɗauki mayafinta mai kyau ta ce in raka ta gidan Hajiya.

Tsakanin gidajen ba nisa. Muka tsaya a shuɗiyar ƙofar, Gwaggo ta yi sallama, aka amsa daga ciki. Hajiya ta fito, ta rame. Ta ce, "Maraba, maraba, sannunku da zuwa." Ta wuce da mu falo, ba ɗakinta ba. Ta ɗauko sabuwar darduma daga saman kabad ta shimfiɗa wa Gwaggo. Ta kawo ruwa a kofin gilashi a kan faranti, da ɗan murfi. Ta zauna nesa kaɗan ta shiga gaisuwa, ina gajiya, ina gida, ina yara, yaya jikin mai jego, yaya ruwa. Gwaggo tana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan mata biyu sun tsufa suna shiga ɗakin juna ba sallama ba rakiya, suna sha a moɗa ɗaya, ɗaya ta buɗe tukunyar ɗaya ta ɗiba tana kushe gishirin.

Da gaisuwa ta ƙare, Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Hajiya, na zo ne a kan maganar nan."

"Wace magana?" in ji Hajiya. "Ai babu komai. Allah Ya riga Ya rubuta. Ku sha ruwa mana."

Gwaggo ta sake buɗe baki, Hajiya ta juyo gare ni ta tambayi sunan da aka sa wa jaririya, ta sa mata albarka mai tsawo. Ta tashi ta shiga ciki, ta fito da turmin atamfa da sabulai a leda ta ajiye a gabana, ta ce na barka ne, a yi haƙuri bai zo da wuri ba. Muka ɗan ƙara zama. Gwaggo ta ce to za mu koma.

Hajiya ta yafa gyale ta biyo mu. Ta raka mu har ƙofa, ta fito, ta taka da mu har gindin famfo, ta tsaya ta ce mun gode, a gaida gida, Allah Ya huta gajiya. Ta juya.

Muka taho a hankali, ni da goyo da leda, Gwaggo na dafa bango saboda santsi. Sai da muka kai ƙofar gidanmu ta tsaya tana mayar da numfashi, ba ta dube ni ba.

"Kin gani," ta ce. "Rakiya ta yi mini."

Ta shiga ciki ta ninke mayafin ta sa a akwati. Ba ta sake taka gidan Hajiya ba, ba a kuma aiko kiranta ba, har ta rasu.